Rashin Kayan Aiki Ba Uzuri Ba Ne a Garin Maƙera

Akwai wata magana da ta zama garkuwa a bakin masu shirya finafinan Hausa. Duk lokacin da mai kallo ya yi ƙorafi cewa hoto yana rawa kamar a bayan babur aka ɗauke shi, ko kuwa kyamara ta kafe wuri guda tun daga farkon fitowa har ƙarshenta, amsar ba ta wuce "ba mu da kayan aiki". Ana faɗarta da muryar neman tausayi, mai sukar kuma sai kunya ta kama shi ya yi shiru, domin kowa ya san ba a zuba wa masana'antar nan dukiya irin ta Indiya ko Amurka.

Rabin maganar gaskiya ne. Kyamara da gilasanta da na'urar naɗar murya da kwamfutar tace hoto, babu wanda zai ƙera su a Kano bana ko baɗi. Amma abin da ke riƙe kyamara daban yake da kyamarar kanta. Ƙafa-uku, da keken da ake ɗora ta a kai a tura, da dogon hannun da ke ɗaga ta sama ya sauko da ita, da sandar da ke hana ta rawa a hannun mai gudu, duk ƙarfe ne da katako da taya da noti. Garin da masu waldarsa ke ƙera injin markaɗe da tankin ruwa da bodin tifa bai kamata ya ce ya rasa abin ɗora kyamara mai nauyin kilo biyu ba. Abubuwa biyu muka rasa: sanin yadda waɗannan kaya ke aiki, da yarda cewa abin da aka ƙera a gida ba abin kunya ba ne.

Batun ya fi matsa mana a yau. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake saya wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Kasuwar faifai da ta raini masana'antar ta riga ta mutu, an koma dogaro da YouTube da tashoshin talabijin. Mai kallon kuwa a waya ɗaya yake kallon shirinmu da fassarar fim ɗin Indiya da na Turkiyya, kuma idonsa ya san bambanci ko da bakinsa bai san sunan abin ba. Matashin daraktan da ke jiran sai ya tara kuɗin kayan waje kafin hotonsa ya nutsu zai daɗe yana jira.

Daga ina kayan da muke sha'awa suka fito?

Wanda ya bi tarihin sinima zai tarar cewa da yawa daga motsin kyamarar da ake koyarwa a makarantu a yau dabara ce ta haife su kafin kamfani ya mayar da su haja. A 1924, a fim ɗin Jamus mai suna Der letzte Mann na F. W. Murnau, mai ɗaukar hoto Karl Freund ya ɗaure kyamara a ƙirjinsa, ya kuma ɗora ta a kan keke domin ta ratsa harabar otal. Abel Gance na Faransa ya ɗaure kyamara a bayan doki lokacin da yake ɗaukar Napoléon, wanda ya fito a 1927. A 1959, da Jean-Luc Godard yake ɗaukar À bout de souffle a titunan Paris, ba shi da halin shimfiɗa layin dogo, sai ya zaunar da mai ɗaukar hotonsa Raoul Coutard a keken guragu yana tura shi da kansa. A wasu wuraren kuma cikin amalanken masu raba wasiƙu aka ɓoye shi da kyamarar, don kada masu wucewa su lura. Fim ɗin ya fito a 1960, kuma har gobe ana lissafa shi cikin waɗanda suka sauya alƙiblar sana'ar.

A Amurka, Sam Raimi da abokansa sun shiga dajin jihar Tennessee suka ɗauki The Evil Dead, wanda ya fito a 1981. Suna son kyamara ta bi ƙasa a guje tamkar wani iska yana farautar mutum, amma ba su da kuɗin hayar na'urar da ke yin haka. Sai suka ɗaure kyamarar a tsakiyar wani dogon katako, mutum biyu suka kama bakinsa ta kowane gefe suka zura da gudu. Wannan hoton ne ya zama tambarin fim ɗin. A New Zealand, Peter Jackson ya shafe shekara huɗu yana ɗaukar fim ɗinsa na farko, Bad Taste na 1987, a ranakun hutun ƙarshen mako, da na'urar daidaita kyamara da dogon hannun ɗagawa waɗanda ya ƙera da kansa. Shi ne daga baya ya shirya The Lord of the Rings. Robert Rodriguez ya ɗauki El Mariachi a garin Ciudad Acuña na Meziko da kimanin dala 7,000, keken guragu na aro shi ne keken kyamararsa. Gaskiya ne kamfanin Columbia ya kashe kuɗi masu yawa wajen gyara sauti da hoton kafin ya kai shi gidajen sinima, amma abin da ya sa kamfanin ya saya tun farko shi ne abin da aka ɗauka a kan keken nan.

Hatta Steadicam, wadda ake ɗauka sarauniyar kayan riƙe kyamara, mutum ɗaya ne mai suna Garrett Brown ya yi ta gwaji a farkon shekarun 1970 har ta tsaya da ƙafarta. Hoton gwajin da ya ɗauka a matattakalar gidan adana kayan fasaha na birnin Filadelfiya shi ne ya ja hankalin daraktan Rocky, har aka samu shahararriyar fitowar gudu a kan wannan matattakala a 1976. A 1978 aka ba shi lambar Oscar saboda ƙirƙirar. Abin da ke cikin kwali mai tambari a yau, jiya tarkace ne a kan teburin wani mai naci.

Za a ce waɗannan Turawa ne, suna da shagunan da ake samun kowane irin noti. To, a duba unguwar Wakaliga da ke Kamfala a Yuganda, inda Isaac Nabwana yake shirya finafinan faɗa tun kafin duniya ta san shi da Who Killed Captain Alex? na 2010, wanda aka ce kuɗin da aka kashe masa bai haura dala 200 ba. Maƙerin da ke aiki da shi, Bisaso Dauda, daga tarkacen ƙarfe yake haɗa bindigogin wasa da sauran kayan fim, har da dogon hannun ɗaga kyamara. A duba kuma maƙwabtanmu na jini. Moustapha Alassane na Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, makaniki ne kafin ya zama mai fim, kuma da wasan inuwa ya fara nishaɗantar da jama'a. Shi ne ya yi La Mort de Gandji a tsakiyar shekarun 1960, ɗaya daga finafinan zane na farko a Afirka kudu da Sahara, kuma ya yi shekaru yana aikinsa a Tawa, nesa da kowane kantin kayan sinima. Masana'antar Kano ita kanta da irin wannan hali ta fara. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, ba ta jira kyamarar sinima ba, da kyamarar bidiyo ta yi abinta. Abin mamaki ne a ce jikokin wannan ƙarfin hali su ne yau suke jin nauyin a gan su da katako.

Abin da ke hana hoto rawa

Babu sihiri a cikin lamarin. Dokoki uku ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin mace ta ɗauko tulu daga rafi ya san su da ido.

Ta farko, abu mai nauyi yana da taurin kai, ba ya saurin amsa ƙaramar girgiza. Shi ya sa hoton waya ya fi rawa a kan hoton babbar kyamarar da ake saɓawa a kafaɗa. Kyamarorin zamani sun yi sauƙi ƙwarai, kuma wannan sauƙin ne ya sa suke naɗar kowace karkarwar yatsa. Ƙara musu nauyi magani ne.

Ta biyu, inda aka ajiye nauyin ya fi yawansa tasiri. Rawar da ta fi ɓata hoto ita ce karkacewa, wato gilashi ya ɗan sunkuya ko ya ɗan waiwaya, domin ƙaramar karkata a hannu babbar tsalle ce a allo. Idan aka raba nauyi zuwa nesa da tsakiya, abu yakan yi wuyar juyawa. Gwada kaɗa taɓarya ka riƙe ta a tsakiya, sannan ka kaɗa dutse mai nauyinta, za ka ji bambancin a wuyan hannunka. Katakon Raimi da wannan dokar ya yi aiki: in hannun ɗaya daga masu gudun ya yi sama da taƙi guda, tsawon katakon yakan mayar da shi 'yar karkata kaɗan a tsakiya inda kyamara take.

Ta uku, a riƙe abu daidai cibiyar nauyinsa, ko sama da ita kaɗan. A nan ne hannu zai iya tafiya gaba ko gefe ba tare da ya karkatar da kyamara ba. Steadicam ba ta wuce wannan ba: kyamara a sama, batir da allo a ƙasa, mariƙi mai juyawa a tsakiya, sai hannu mai sifirin da ke raba nauyin da tafiyar jikin mutum. Mai tulu ma haka take yi, gwiwa da ƙugu da wuya suna shanye tafiyar, tulun yana tafiya a miƙe.

Wanda ya fahimci waɗannan uku zai iya zana wa mai walda abin da yake so a bayan takardar siminti.

Abin da za a iya ƙerawa a mako guda

Komai yana farawa daga noti ɗaya. Ramin da ke ƙasan kusan kowace kyamara yana karɓar kusa mai kaurin rubu'in inci, mai zare 20 a kowane inci. Manyan kaya kuma suna amfani da mai kaurin uku bisa takwas na inci, mai zare 16. A nan ake yawan yin asara, domin kusar milimita 6 da ta cika kasuwanninmu tana kama da ta rubu'in inci, takan shiga zagaye ɗaya ko biyu, in aka matsa sai ta cinye zaren kyamarar. A je kasuwa da abin gwaji, kuma kada tsawon da zai shiga cikin kyamara ya wuce zurfin ramin.

Mafi araha cikin kayan ita ce igiya. A ɗaura ta a jikin kusar nan, a saki ɗaya bakin ya kai ƙasa, a taka shi da ƙafa, a ɗaga kyamara har igiyar ta miƙe. Wannan jan da ke tsakanin hannu da ƙafa yana kashe yawancin rawar sama da ƙasa, kuma aljihu ne ma'ajinsa. Sai ƙaramin buhu da aka cika da gero ko shinkafa, wanda ake ajiyewa a kan katanga ko tagar mota ko ƙasa, kyamara ta nutsa a ciki ta zauna daram a kowace kusurwa.

Keken kyamara faifan katako ne mai kauri, da tayoyi ƙanana masu boris, irin na takalmin taya da yara ke wasa da shi. Ana ɗaura su bibbiyu a jikin ƙarfe mai kusurwa, kowace biyu suna fuskantar juna a karkace, yadda za su rungumi bututu daga gefe da gefe. Layin kuwa bututun roba ne na masu aikin famfo, guda biyu a jere. Wurin da aikin yake shi ne mahaɗar bututu da bututu, wadda ake cusa wa guntun itace ko ƙaramin bututu daga ciki don kada taya ta yi tuntuɓe, da kuma daidaita ƙasa da 'yan guntayen katako da ma'aunin ruwa irin na magina. A ɗora buhun yashi a kan faifan, nauyin zai sa tafiyar ta yi santsi. A kan daɓen siminti mai kyau ko tayil, keken guragu da aka ɗan rage wa iska ya wadatar.

Dogon hannun ɗagawa kuwa, Bahaushe ya riga ya san shi, har yana da sunansa: jigo. Manomin rani da ke ɗebo ruwa da doguwar sanda, guga a gaba, curin laka a baya, ya riga injiniyan sinima amfani da wannan doka da ƙarnoni. Lissafinsa ɗaya ne. Idan hannun gaba mita uku ne, na baya mita ɗaya, kyamara mai kilo biyu tana bukatar kilo shida a baya, ban da abin da zai rama nauyin hannun gaban shi kansa. Ƙarin da jigon kyamara ke bukata shi ne sanda ta biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da babbar, tsawonsu ɗaya, an haɗa su da noti a gaba da kuma wurin madogara. Ita ce ke sa mazaunin kyamara ya tsaya a miƙe ko hannun ya yi sama ko ya yi ƙasa. Tsohon faifan birki ko ƙarfen ɗaga nauyi ya isa ya zama curin baya.

Sandar daidaito ita ma ba ta da wuya. A farkon shekarun 2000 wani ɗalibi a Amurka, Johnny Lee, ya wallafa yadda ake haɗa ta da guntayen bututun ƙarfe uku da mahaɗa da nauyi a ƙasa, a kan dala 14. Akwai kuma wadda darakta Mike Figgis ya fito da ita, kamfanin Manfrotto ya riƙa sayarwa, mai siffar sitiyarin mota da kyamara a tsakiya. Amfaninta nisanta hannu biyu daga juna. Tsohon kan keke, wato da'irar ƙarfen da taya ke hawa, in aka cire masa wayoyi aka gitta masa ƙarfe, aikin da zai yi ke nan.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna.

Hujjojin masu ƙi

Hujja ta farko ita ce araha ba ta ado. Sai dai mai kallo ba ya ganin keken, hoton yake gani. Idan kyamara ta matso fuskar jaruma a hankali ba tare da ta girgiza ba, babu wani ido a duniya da zai gane ko a kan bututun famfo ta zo ko a kan layin da aka yi odarsa daga Jamus. Bambancin kayan kamfani yana ga saurin haɗawa da juriya da sauƙin ɗauka, kuma waɗannan abubuwa ne masu daraja ga wanda ke biyan ma'aikata ɗari a kowace sa'a. Ga mai ma'aikata goma, ƙarin minti ashirin na daidaita bututu ya fi sauƙi a kan bashin miliyoyi. Akwai dai abin da ya kamata a saya, wato kan ƙafa-uku mai ruwa a ciki, wanda ke sa waiwayar kyamara ta fara a hankali ta tsaya a hankali. Wannan yana bukatar ƙira mai tsananin daidaito, kuma nan ne ya dace kuɗin da aka tsimi a sauran wurare ya tafi, shi da na'urar murya.

Hujja ta biyu ita ce zamani ya wuce wannan, tunda ga gimbal mai batir. Tun da Freefly ya fitar da MōVI a 2013, DJI na ƙasar Sin ya biyo da Ronin a 2014, farashin irin waɗannan na'urori ya yi ta sauka, kuma babu mai musun amfaninsu. Amma gimbal karkacewa yake gyarawa, ba ya kawar da hawa da saukar da tafiyar ɗan Adam ke haifarwa, shi ya sa hotonsa yake da wani lilo da ido ke ganewa. Ba ya iya yin matsowar nan mai nauyi, madaidaiciya, wadda keke ke yi, kuma ba ya hawa sama da tsawon hannun mai riƙe da shi. Yana son caji a ƙasar da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama. Kuma kafin a kunna shi sai an daidaita kyamara a kan cibiyar nauyinta, in ba haka ba injinansa su yi zafi su riƙa karkarwa. Wanda ya taɓa haɗa sandar daidaito da hannunsa ya fi kowa iya saita gimbal. Ƙari a kan haka, sauƙin na'urar ya haifar da wata cuta: kyamara tana yawo a ɗaki kamar ƙuda, tana kewaya masu magana ba dalili, don kawai an saya dole a mora. Wanda zai shimfiɗa bututu ya daidaita shi sai ya tambayi kansa ko wannan motsin yana da abin da zai faɗa.

Hujja ta uku ita ce haɗari, kuma ita ce mai nauyi. Jigon da waldarsa ta saki zai iya fasa kan mutum, ba kyamara kaɗai ba. Amsar wannan ƙa'ida ce, ba haramci ba. A gwada kowane abu da buhun yashi mai ninkin nauyin kyamara kafin a ɗora ta. A ɗaure kyamara da igiya ta biyu a jikin hannun, ko da noti ya kwance. A danne ƙafafun madogara da buhunan yashi. A ɗora kyamara kafin nauyin baya, a kuma cire nauyin baya kafin a sauke ta, don kada hannun ya yi tsalle. Kada kowa ya tsaya ƙarƙashinsa, kada kuma a ɗaga shi kusa da wayar lantarki. Abin da zai ɗauki mutum sama, ko wanda za a maƙala a jikin mota mai gudu a kan titi, wannan a bar wa ƙwararru da kayan da aka tantance.

Hujja ta huɗu ba a cika faɗarta a fili ba, amma ita ce ta gaskiya: kunya. Ana tsoron kada jarumi ko mai zuba jari ko mai ba da kwangilar talla ya iso wurin ɗauka ya ga katako ya raina ma'aikata. Kayan aiki sun zama ado, ana jera su a hoton Instagram kamar kayan lefe. Furodusan da zai biya hayar katafaren gida da jerin motoci don fitowar minti uku shi ne zai ce babu kuɗin buhun yashi. Wannan ciwo ya wuce masana'antar fim. Shi ne yake sa mu auna ƙwarewar mutum da tambarin abin da ke hannunsa, mu ɗauki sayayya a matsayin ilimi. Zanen aro dai ba ya rufe katara. In baƙin fenti zai kwantar wa mai kwangila hankali, a shafa wa katakon, gwangwani ɗaya ya isa.

Kyamarar da ba ta iya zama a tabarma

Akwai dalilin da ya fi tsimi ƙarfi, shi ne kayan da aka ƙera a wata ƙasa da rayuwar wata al'umma aka auna su. Ƙafa-uku ta yau da kullum an yi ta ne don mutumin da ke tsaye ko zaune a kujera, kuma mai araha ba ta sauka ƙasa sosai. Rayuwar Bahaushe kuwa rabinta a ƙasa take: cin tuwo, karatun allo, gaisuwar surukai, zaman makoki, fadanci, hirar tsakar gida. Sau nawa muka ga an ɗauki dattijo yana zaune a buzu, kyamara tana kallonsa daga sama kamar yaron da bai san ladabi ba? A harshen hoto, wanda aka kalla daga sama an ƙasƙantar da shi. Darakta bai yi nufin haka ba, ƙafa-ukunsa ce ta yanke masa hukunci.

Yasujiro Ozu na Japan ya fuskanci irin wannan, domin mutanensa ma a tabarma suke zama. Sai ya saukar da kyamararsa kusa da ƙasa a kan gajeriyar madogara ta musamman, har wannan ya zama salon da aka san shi da shi. A fim ɗinsa Tokyo Story na 1953 da ƙyar kyamarar take motsawa, amma masana suna sa shi cikin mafi girman finafinan da aka taɓa yi. Abin da ake bukata don a kalli mai zaman tabarma ido da ido faifan katako ne mai faɗin faranti, da kusa ɗaya a tsakiya a ɗaura kan ƙafa-uku. Kafinta zai yanke shi kafin shayi ya huce. Haka zancen yake ga ƙofar zaure mai ƙunci, da lungun cikin birni da babban keke ba zai shiga ba, da yashin ƙauye da ke cinye ƙananan tayoyi. Mai ƙera kayansa yana auna su da labarinsa da wurinsa. Mai saye kawai yakan tanƙwara labarin ya dace da abin da ke cikin kwali.

Abin da ya rage a yi

Nauyin farko yana kan makarantu. Cibiyar koyar da fim ta ƙasa da ke Jos, da sassan koyar da aikin jarida da wasan kwaikwayo na jami'o'inmu, ya kamata su sa kowane ɗalibin ɗaukar hoto ya ƙera keke ko jigo da hannunsa, ya yi fitowa ɗaya da shi, kafin a danƙa masa gimbal. Kwalejojin fasaha suna da ɗaliban injiniya da ke neman aikin kammala karatu kowace shekara, ga aiki nan mai kasuwa a ƙofar gida.

Na biyu yana kan ƙungiyoyin masana'antar, irin su MOPPAN. Zane goma masu awo, da bayani cikin Hausa, da jerin abin da za a saya da sunan da 'yan kasuwa suka san shi da shi, za su yi wa matasan Gusau da Maraɗi da Zangon Kumasi amfanin da taron bita na otal bai taɓa yi ba. A haɗa masu ɗaukar hoto da masu walda a zauna wuri ɗaya. Maƙerin da ya ƙera jigo biyar, na shidansa zai yi kyau, na ashirin kuwa zai iya ba da shi haya. Ta haka sana'a take kafuwa.

Na uku yana kanmu masu kallo da masu sharhi. Mu daina karɓar "ba mu da kayan aiki" a matsayin rufe zance. In aka faɗa, mu tambaya: wane kayan? In gilashi ne ko na'urar murya, a yi uzuri. In abin ɗora kyamara ne, a nuna wa mai maganar hanyar Ƙofar Ruwa. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.